William Dawson: Simfoni Guda Ɗaya da Shekara 25 a Gaban Ɗalibai

Wani ɗalibi mai nazarin kiɗa ya aiko da tambaya yana cewa ya ci karo da sunan William Levi Dawson cikin jerin manyan masu tsara kiɗa na Amurka, amma da ya bi diddigi sai ya tarar simfoni guda ɗaya tak mutumin ya rubuta a rayuwar da ta kai shekara 90, mafi yawan kwanakinsa kuwa a aji da gaban ƙungiyar mawaƙa ta makaranta suka ƙare. Abin da yake son sani shi ne da me Dawson ya cancanci wannan matsayi, kuma ko koyarwa ce ta cinye masa baiwar da Allah ya ba shi.

Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓo wurin da masu nazari da yawa suke yin tuntuɓe, domin an saba auna mai tsara kiɗa da yawan manyan ayyukan da ya bari, a ce wane ya rubuta simfoni tara, wane ya rubuta fiye da ɗari. Idan da wannan mudu za a auna Dawson, lallai ba zai cika ba. Ni dai abin da na fahimta bayan na daɗe ina sauraron ayyukansa ina kuma koyar da su shi ne, simfonin nan da ƙungiyar mawaƙan da ya horar aiki ɗaya ne aka yi da hannu biyu, kuma ba za ka gane ɗaya ba sai ka san ɗayan. Don haka sai mu fara daga inda ya fito.

An haifi Dawson ranar 26 ga Satumba, 1899, a garin Anniston na jihar Alabama, a kudancin Amurka, shekara 34 kacal bayan an haramta bauta a ƙasar, wato a lokacin da tsofaffin da aka haifa cikin bauta suke nan da ransu, suna rera waƙoƙin da suka gada a coci da gona da tsakar gida. Shi ne babba cikin 'ya'ya bakwai na gidan talakawa, kuma dokokin wariyar launin fata sun riga sun yi katutu a jihar, sun raba makaranta da asibiti da jirgin ƙasa tsakanin fari da baƙi. Yana ɗan shekara 13 ya bar gida ya nufi makarantar Tuskegee, wadda Booker T. Washington ya fara jagoranta tun daga 1881 domin ilimantar da baƙaƙen fata. Ba shi da kuɗin makaranta, sai ya riƙa aikin ƙarfi yana biyan kuɗin karatunsa da guminsa, kamar yadda tsarin makarantar ya tanada wa irinsa. A can ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ya kuma koyi busa turombon, wani kakakin tagulla na Turai da ake ja ana turawa domin sauya amo. Ya kammala a 1921.

Shekaru goma da suka biyo baya su ne suka gina shi a matsayin masani. Ya koyar a Topeka ta jihar Kansas, sannan a makarantar sakandaren Lincoln da ke birnin Kansas City na jihar Missouri, inda yake koyarwa yana kuma karatu a cibiyar fasaha ta Horner har ya sami digirin farko a 1925. Daga nan ya wuce Shikago, ya yi karatun tsara kiɗa a hannun Felix Borowski da Adolf Weidig, ya sami digiri na biyu a 1927, ya kuma zama babban mai busa turombon a ƙungiyar makaɗa ta Civic Orchestra ta birnin. Ka riƙe wannan batu na ƙarshe da kyau, domin yana da nauyi. Mutumin da ya shafe shekaru yana zaune a tsakiyar makaɗa masu yawa, yana ƙirga lokacin shigarsa, yana jin yadda amon ƙaho yake ratsa na goge, yana ganin abin da ke wahalar da mai busa da abin da ke zo masa da sauƙi, ya koyi abin da littafi ba ya koyarwa. Duk wanda ya saurari simfoninsa zai ji cewa mai shi ya san ƙungiyar makaɗa daga cikinta. A Shikago ne kuma ya yi auren fari a 1927, matar ta rasu cikin shekara mai zuwa, kuma sai a 1935 ya sake aure.

Kafin mu shiga simfonin, ya kamata a fayyace abin da kalmar take nufi, saboda mai karatun da bai saba da ita ba. Simfoni dogon kiɗa ne da ake rubutawa domin babbar ƙungiyar makaɗa, masu goge iri-iri da masu busa da masu ganguna, galibi ba tare da muryar mawaƙi ba, ana kuma raba shi kashi uku ko huɗu. Gwanintar ba ta tsaya ga samo rauji mai daɗi ba. Ana ɗaukar ɗan gajeren kari ne a juya shi, a faɗaɗa, a gutsuttsura, a miƙa shi daga wannan abin kiɗa zuwa wancan, har a gina rabin sa'a ko fiye a kansa, kamar yadda magini ke tayar da soro daga tubali iri ɗaya. A Turai aka haifi wannan tsari, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 Amurkawa suna ta neman yadda za su yi nasu wanda ba kwaikwayon Jamusawa ba. Antonín Dvořák, mutumin ƙasar Cek da ya shugabanci wata makarantar kiɗa a New York daga 1892 zuwa 1895, ya faɗa musu a fili a 1893 cewa tushen da suke nema yana cikin waƙoƙin baƙaƙen fata, waɗanda ya ji daga bakin ɗalibinsa Harry Burleigh. Maganar ba ta yi wa mutane da yawa daɗi ba, kuma an ɗauki kusan shekara 40 kafin 'ya'yan masu waƙoƙin da kansu su sami damar amsawa a babban dandali. William Grant Still ya fara a 1931 a Rochester, Florence Price ta biyo baya a 1933 a Shikago, sannan Dawson a 1934.

Sunan aikin Negro Folk Symphony, ma'ana simfonin da aka gina kan waƙoƙin gargajiyar baƙaƙen Amurka. Kalmar farko ta sunan ita ce wadda baƙaƙen fata masu ilimi na zamaninsa suke kiran kansu da ita cikin mutunci, kuma Dawson bai yarda a sauya ta ba har ƙarshen ransa, ko da yake amfani da ita ya ja baya daga baya. Leopold Stokowski, ɗaya daga cikin jagororin makaɗa mafiya suna a lokacin, shi ne ya gabatar da aikin tare da ƙungiyar makaɗa ta Filadelfiya a watan Nuwamba na 1934, aka fara a Filadelfiya, aka watsa ta rediyo, sannan aka kai shi zauren Carnegie na New York ranar 20 ga watan. Al'adar irin wannan zaure ita ce ba a tafi sai an gama dukkan kashi-kashin, amma masu sauraro sun kasa haƙuri, suka ɓarke da tafi bayan kashi na biyu har sai da makaɗan suka miƙe tsaye, a ƙarshe kuma aka yi ta kiran Dawson ya fito gaban jama'a. Masu sharhi a jaridu sun yaba ƙwarai. Yana da shekara 35.

Kashi na farko ya sa masa suna da ke nufin igiyar da ta ɗaure da Afirka. Ƙaho guda ne ke buɗe shi da ɗan gajeren kira mai nauyi, kuma Dawson ya bayyana cewa wannan kira yana wakiltar zoben da aka ɓalle daga sarƙar 'yan Adam ranar da aka ɗauke ɗan Afirka na farko daga gaɓar ƙasarsa aka kai shi bauta. Kiran nan ba ya barin simfonin. Yana dawowa a kowane kashi, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci a ɓoye ƙarƙashin wasu muryoyi, wani lokaci ya katse farin ciki ana tsakiyar yinsa, kuma shi ne zaren da ya ɗinke aikin ya zama riga ɗaya. A nan ake gane bambancin Dawson da masu ɗauko waƙoƙin gargajiya su jera su ɗaya bayan ɗaya su ce sun yi simfoni. Ya ɗauko raujin wasu waƙoƙin ibada da ya ji tun yana yaro, amma da wuya ka ji ya bar ɗaya ta tafi daga farko zuwa ƙarshe yadda take. Yana yanko gaɓa ɗaya ne, ya sa ta yi tsere da wata, ya juyar da ita, har wanda ya san waƙar ya ji ƙamshinta ba tare da ya ga ita kanta ba.

Kashi na biyu, mai suna da ke nufin bege cikin dare, shi ne zuciyar aikin, kuma a ganina yana cikin mafi girman abin da aka rubuta wa ƙungiyar makaɗa a Amurka a wancan ƙarni. Ana buɗe shi da bugu uku a kan babban faifan tagulla, wanda Dawson, da yake Kirista ne, ya ce alama ce ta Triniti, wato aƙidar Kirista ta Allah ɗaya cikin uku. Sai wani abin busa mai bakin kara biyu, ɗan'uwan algaita ta fuskar yadda ake samar da amo amma mai sanyin murya, ya shigo da wani rauji mai tafiya a hankali, a ƙarƙashinsa kuma ana jin taku mai nauyi kamar na mutanen da suka gaji amma ba su da izinin tsayawa. Ana cikin haka sai yanayi ya sauya, wani kari mai tsalle-tsalle ya shigo, wanda yake nufin yara masu wasa waɗanda ba su san abin da ke jiransu ba. Abin da ke sa wannan wuri ya kama zuciya shi ne mai sauraro ya riga ya ji takun iyayen, ya san inda wasan zai ƙare. Daga nan kiɗan ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa da ƙararrawa da tagulla, sannan ya sauko, ya ƙare da amon goge yana kumbura yana sacewa bisa bugun ganga. Na sha sa wa ɗalibai wannan kashi a aji, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi saurin magana bayan ya ƙare ba.

Kashi na uku ya karɓi sunansa daga wata waƙar ibada da mai rera ta yake roƙon a bar shi ya haskaka kamar tauraron asuba. Yana da sauri da walwala, an gina shi kan waƙoƙi biyu, kuma yana ƙarewa da ƙarfi. Ra'ayina shi ne bai kai na biyu zurfi ba, amma yana yin aikin da aka sa shi, wato ya fitar da mai sauraro daga duhun da ya shiga.

To, bayan wannan nasara me ya faru? Kusan babu komai. An sake gabatar da simfonin 'yan lokuta kaɗan, ciki har da Birmingham ta jiharsa a 1935, daga nan sai shiru. Ba a naɗe shi a faifai ba sai a 1963, lokacin da Stokowski ya koma kansa tare da ƙungiyar American Symphony Orchestra, wato bayan shekara 29. A nan ne amsar rabin tambayarka take. Simfoni ba kamar waƙar baka ba ne da mutum zai rera shi kaɗai a ɗakinsa. Yana buƙatar makaɗa kusan tamanin ko fiye, da zaure, da wanda zai biya kuɗin kwafe rubutun kowane makaɗi, da kamfanin da zai buga, da jagoran da zai sa shi cikin jadawali. Dukkan waɗannan ƙofofi a hannun fararen fata suke, a lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe bayan karyewar kasuwar hannun jari ta 1929, kuma a ƙasar da baƙin mutum ba zai kwana a otal ɗaya da makaɗan da ke busa aikinsa ba a jihohi da dama. Mai tsara kiɗa yana koyo ne daga jin aikinsa ana yi, ya gyara, a sake ba shi kwangila, ya sake rubutawa. Wanda aka yi wa tafi dare huɗu sannan aka juya masa baya, an hana shi makarantar da ake zama gwanin simfoni a cikinta. Abin ya shafi Florence Price ma, wadda aka tsinci tarin rubuce-rubucenta a wani gidan da aka yi watsi da shi a jihar Illinois a 2009, shekara 56 bayan rasuwarta. Saboda haka kada a ɗora wa aji laifin da ba nasa ba.

Sai mu juya ga ajin kansa. Tun kafin simfonin ya fito, Dawson ya amsa kiran tsohuwar makarantarsa ya koma Tuskegee, inda ya kafa sashen koyar da kiɗa a 1931, ya kuma karɓi ragamar ƙungiyar mawaƙa, ya riƙe ta har tsakiyar shekarun 1950. Waɗanda ke cikin ƙungiyar ba ƙwararrun mawaƙa ba ne. Ɗalibai ne masu karatun noma da gini da ɗinki da koyarwa, da yawansu daga ƙauyukan kudu, waɗanda wasunsu ba su taɓa ganin rubutun kiɗa ba kafin su zo. Cikin ƙasa da shekara biyu ya kai su matsayin da aka gayyace su, su kusan ɗari, bikin buɗe zauren Radio City a New York ranar 27 ga Disamba, 1932. Sun yi waƙa a fadar White House a zamanin Shugaba Herbert Hoover, sun yi wa Franklin Roosevelt, an riƙa jin su a rediyo a faɗin ƙasar, kuma a 1946 suka tsaya a zauren Constitution na Washinton, zauren da aka hana mawaƙiya Marian Anderson shiga a 1939 saboda launin fatarta. An san shi da tsanani wajen horo, ba ya lamuntar makara ko sakaci, kuma yakan sa a maimaita gaɓa ɗaya har sai ta zauna. Cikin waɗanda suka yi karatu a sashensa akwai Ralph Ellison, wanda ya je Tuskegee a 1933 domin koyon kiɗa, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Amurka.

Wannan ƙungiya ita ce ta zame wa Dawson abin da aka hana shi a wani wuri. Tana gabansa kullum, yana rubutu da dare ya ji sakamakon washegari, ya goge ya sake. A kanta ya tsara waƙoƙin ibadar bayi domin muryoyi huɗu ko fiye, ba tare da rakiyar wani abin kiɗa ba, kuma waɗannan tsare-tsare su ne suka fi yaɗa sunansa, domin har yau ƙungiyoyin mawaƙa na makarantu da coci-coci a Amurka da wajenta suna rera su. Kalmar da ake amfani da ita ga irin wannan aiki tana sa mutum ya zaci gyaran fuska ne kawai aka yi wa abin da yake akwai, alhali abin ya wuce haka nesa. Waƙar da ya gada layi ɗaya ce, mai bayarwa ya bayar, jama'a su amsa, tsarin da kunnen Bahaushe ya sani sarai daga makaɗi da 'yan amshinsa. Duk abin da ke kewaye da wannan layi, wato yadda muryoyi ke shiga da fita, da inda ake raɗa da inda ake ɗaga murya, da yadda ake tara ƙarfi har a kai ƙarshe, na Dawson ne.

Ɗauki Ezekiel Saw de Wheel, waƙar da aka gina kan wahayin Ezekiyel, wani annabi a Littafi Mai Tsarki na Kirista, na wata ƙafar keke mai juyawa a cikin wata ƙafar. Kusa da ƙarshe Dawson ya rarraba mawaƙan gida-gida, kowane gida yana maimaita ɗan gajeren kari nasa da sautuka marasa ma'ana, suna hawa kan juna, har mai sauraro ya ji ƙafafun suna juyawa a kunnensa. Dabarar mai tsara simfoni ce aka yi da maƙogwaron ɗalibai. Ko kuma Soon Ah Will Be Done, inda mai waƙar ke cewa ya kusa gamawa da wahalhalun duniya. Wani zai rera waɗannan kalmomi a hankali cikin kuka, amma Dawson ya sa a fara su da sauri kuma ƙasa-ƙasa, kamar maganar da ake yi a ɓoye kada mai gona ya ji, sannan a fashe da ƙarfi a inda ake cewa ba sauran kuka. Wannan zaɓi fassara ce ta tarihi, domin yana nuna cewa mai waƙar ba mutumin da ya sallama ba ne, mutum ne da ke ƙirga kwanaki.

Akwai muhawarar da bai kamata in ɓoye maka ba. Marubuciya Zora Neale Hurston, wadda ta yi yawo a kudu tana tattara al'adun baka, ta yi jayayya a 1934 cewa waƙoƙin da ake rerawa a zauruka cikin kwat da tsari ba su ne na asali ba, domin na asalin ba a rera su sau biyu iri ɗaya, kowa yana shiga inda ruhu ya kai shi, kuma kaushin muryoyin yana cikin kyansu. Maganarta tana da gaskiya, kuma duk wanda ya ji tsofaffin naɗe-naɗen da aka yi a ƙananan coci-cocin karkara zai san an rasa wani abu a hanya. Amma ina ganin ya kamata a tuna da abin da Dawson yake yaƙa. Shekaru da dama fararen 'yan wasa suna shafa baƙin shuni a fuska suna kwaikwayon magana da waƙar baƙaƙe domin a yi dariya, har jikokin bayin da kansu suka fara jin kunyar waƙoƙin kakanninsu. Tun 1871 mawaƙan Jami'ar Fisk suka fara fito da waɗannan waƙoƙi gaban duniya cikin mutunci, Dawson kuma ya ɗora daga nan. Ya nace a furta kalmomin da karin harshen da aka haife su da shi, ba a mayar da su Turancin makaranta ba, ba kuma a yi musu ƙari domin ban dariya ba, ya kuma rubuta maƙala a kan haka a mujallar Etude a 1955. Ya fi son a kira su waƙoƙin gargajiya na addini, domin a san al'umma ce ta haife su. Abin da ya rubuta bai maye gurbin abin da Hurston take karewa ba, kuma bai yi da'awar haka ba. Wani sabon abu ne da ya tsiro daga tsohon saiwa, kuma shi ne ya kai waƙoƙin bakin miliyoyin da ba za su taɓa taka ƙauyen Alabama ba.

Akwai wani babi da ya shafe mu kai tsaye. Lokacin da Dawson ya rubuta kashin da ya danganta da Afirka, bai taɓa ganin nahiyar ba, Afirkar da ke kansa ta gado ce da tunani. A 1952 ya ɗauki hutu daga aiki ya zo Afirka ta Yamma da na'urar naɗar sauti, ya zagaya ƙasashe da dama har cikin 1953, yana sauraron makaɗa yana naɗa. Da ya koma sai ya buɗe simfonin da ya kusa shekara 20 da gamawa ya sake masa aiki, ya ƙarfafa bugunsa, ya ƙara kayan kiɗa, har da ƙararrawar ƙarfe ta mutanen Akan na Gana, 'yar'uwar kugen da muka sani. Wannan sabon zubi shi ne wanda Stokowski ya naɗa, shi ne kuma ake yi a yau. Abin yana burge ni ƙwarai, domin mutum ne mai shekara 53, wanda ya riga ya yi suna, ya yarda cewa abin da ya faɗa game da asalinsa yana buƙatar gyara, ya tako ya zo ya zauna gaban masu abin a matsayin ɗalibi. Halin malamin gaske ke nan, kuma shi ya sa ba na yarda a raba malamin da mai tsara kiɗan.

Bayan ya ajiye aiki a Tuskegee bai zauna ba. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tura shi Sifen a 1956 domin horar da ƙungiyoyin mawaƙa, ya kuma shafe shekaru yana zagaya jihohi ana gayyatarsa ya jagoranci ɗaliban sakandare da na jami'a, farare da baƙaƙe, a manyan tarukan waƙa. Ya rasu ranar 2 ga Mayu, 1990, a Montgomery, aka binne shi a Tuskegee, takardunsa kuma suna ajiye a Jami'ar Emory da ke Atlanta. Bai ga farfaɗowar simfoninsa ba. Neeme Järvi ya naɗe shi da makaɗan Detroit a farkon shekarun 1990, kamfanin Naxos ya fitar da wani naɗin a 2020, sannan ƙungiyar Filadelfiya, wadda ta fara gabatar da shi, ta koma kansa ƙarƙashin Yannick Nézet-Séguin aka fitar a 2023.

Ba zan ce maka babu asara ba. Akwai, kuma babba ce. Mutumin da ya rubuta kashi na biyu na wannan simfoni yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, da an ba shi dama irin wadda aka ba takwarorinsa, Allah kaɗai ya san abin da zai rubuta yana da hamsin ko sittin, kuma duk lokacin da na saurare shi nakan ji zafin wannan rashi. Ya bar wasu ayyuka kaɗan na kayan kiɗa, kamar wanda ya rubuta wa makaɗa uku a 1925 da wani na goge da piyano a 1927, amma ba su isa su cike gurbin ba. Abin da nake musu shi ne a ce Tuskegee ce ta jawo asarar, alhali ita ce wurin da ya sami muryoyi ɗari da ke jiran alƙalaminsa kowace safiya a lokacin da manyan zauruka suka daina amsa masa.

Shawarata gare ka, tunda nazari kake yi, ita ce kada ka fara da simfonin. Ka nemi Soon Ah Will Be Done ka saurare ta sau uku, ka lura da yadda ake riƙe ƙarfi a danne kafin a sake shi, da yadda manyan muryoyin maza suke aikin ganga. Sannan ka saurari Ezekiel Saw de Wheel ka bi gida ɗaya na mawaƙan daga farko zuwa ƙarshe, ka ga inda ya shiga da wanda ya miƙa wa. Bayan haka ka buɗe simfonin, ka riƙe kiran ƙahon nan na farko a kunnenka, ka ƙirga sau nawa ya dawo da irin rigar da ya sanyo kowane zuwa. Idan ka kai kashi na biyu, ka saurari yadda masu goge suke numfashi tare kamar mawaƙa, suna ɗagawa su sauke a wuri ɗaya, ka kwatanta da abin da ka ji daga bakin ɗaliban.